Hafsan da ke ɗanɗana ƙasan teku

Akwai wani mutumin garin nan namu na Marblehead, Jabez Haskell, wanda har yau tsofaffin bakin teku ba su gaji da labarinsa ba. Ɗan masunta ne gaba da baya. Shekara goma sha tara yana bin jiragen kamun kifi kafin ya shiga sojan ruwan Amurka, lokacin ƙasar ma kanta jaririya ce.

Da yaƙi ya ɓarke da Ingila a 1812, aka rasa ƙwararru, sai aka ba shi muƙamin laftanar a wani ƙaramin jirgin yaƙi mai mutum casa'in, rabinsu 'yan garinsu.

To, a nan ya ga ta kansa. Sauran hafsoshin duk 'ya'yan manya ne masu makaranta. Babbansu, Laftanar Ashbel Pruitt, shi ya sa shi a gaba. Da an zauna cin abinci sai ya toshe hanci.

"Jama'a, wa ya manta kwandon kifi a ƙarƙashin tebur? Au, ashe Mista Haskell ne. Yi haƙuri, ban gan ka ba."

A kwashe da dariya. Jabez ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jiƙa busasshen biskit ɗinsa a romo. Kar ku ce abin ba ya cin sa, yana cin sa ƙwarai. A zamanin kuwa, maganar da ba ta kai wannan ba takan sa hafsoshi biyu su fita fili da bindiga, a dawo da gawar ɗaya. Shi dai cewa yake, "Harsashina na Ingila ne, ba na ɗan jirginmu ba."

Babban abin tsokanar shi ne dalma. Jiragen lokacin da dunƙulen dalma suke auna zurfi, a ɗaure shi da igiya, a cusa kitse a gindinsa, a jefa, a ƙirga zurfin da gaba, wato tsawon buɗe hannu biyu. In an jawo, kitsen ya manno abin da ke ƙasa. Hafsoshi zurfin kawai suke rubutawa su wuce. Jabez kuwa sai ya murza yashin, ya sansana, ya ɗora a harshe, kamar yadda ubansa ya koya masa.

"Ya ji gishiri, ko a ƙaro?" in ji Pruitt.

Wata safiya, kudu da tsibirin Nantucket, sai ga manyan jiragen Ingila biyu a bayansu, kowanne ya ninka su uku. Hazo ya sauko. A gaba kuma tudun yashi ne na ƙarƙashin ruwa, wanda ya cinye jirage ba adadi.

Kyaftin Lemuel Strang ya tara hafsoshinsa. Pruitt ya shimfiɗa taswira.

"Yallaɓai, babu hanya. In mun shiga, mu farfashe. Gara mu sauke tuta."

Kowa ya san ma'anar sauke tuta: mutum casa'in a kurkukun Ingila, inda sanyi da zazzaɓi ke kashe fursuna kafin yaƙi ya ƙare. Jabez ya dubi ma'aikatan jirgin. Ya san iyayen wasu, ya ci abinci a gidajen wasu.

"Ranka ya daɗe, akwai hanya," in ji shi. "Ba ta cikin takarda. Mun bi ta da mahaifina sau huɗu."

"Da kwalekwalen kifi!" Pruitt ya katse shi.

Kyaftin ya ce, "Mista Haskell, in ka kashe mu fa?"

"Ina cikin jirgin nan ni ma, ranka ya daɗe."

"Jirgi na hannunka," in ji kyaftin.

Aka fara jefa dalma, mai jefawa na faɗin zurfi. "Gaba bakwai!" Aka kawo masa, ya ɗanɗana. Farin yashi mai laushi. "A miƙe," in ji Jabez. "Gaba biyar!" Tsakuwa da ɓarɓashin katantanwa. "Karkata dama kaɗan." Igwar Ingila ta tashi a cikin hazon, harsashin ya faɗa ruwa can gefe.

"Gaba uku!"

Wallahi a nan saura ƙiris, don jirgin kansa gaba biyu da rabi yake nutsewa cikin ruwa. Ana jin ruwa na tafasa a kan yashi ta hagu da dama. Mai jefa dalmar, wani dattijo, hannunsa ya sage, ta suɓuce masa ta faɗi a kan katako. Kafin kowa ya motsa, wa kuke tsammani ya sure ta? Pruitt. Da farar safar hannunsa ya cusa kitse, ya jefa, ya jawo, ya ruga ya miƙa wa Jabez.

"Me ta ce, Mista Haskell? Don Allah me ta ce?"

Jabez ya lasa. Jan yashi mai ɗigon baƙi kamar barkono. "Hagu sosai, yanzu!"

Gindin jirgin ya gogi ƙasa sau ɗaya, ya yi ƙara, ya wuce. Awa biyu suna haka, leɓen Jabez har ya tsage da gishiri. Can sai dalma ta fito da koriyar laka mai santsi. Ya dube ta, ya zauna daɓas a kan igiyoyi.

"Laka ce. Mun fita."

Jiragen Ingila ba su yi gigin biyowa ba. Pruitt ya zo ya tsaya a kansa, ya cire hula zai ba shi haƙuri. Jabez ya tari numfashinsa: "Bar shi kawai. Samo mini ruwa in kuskure baki."

Daga baya ya zama kyaftin, ya yi shekara ashirin yana aiki, bai taɓa ɗora jirgi a kan yashi ba. Amma shi da bakinsa ya ce ranar da ba ya mantawa ita ce ranar da suka iso gida. Labari ya riga su cewa an kama jirgin, mata sun cika bakin ruwa suna kuka. Wata tsohuwa ta tsaya a gindin tsani tana ƙirga masu saukowa da ƙarfi, har ta kai casa'in. Sai ta sake ƙirgawa daga farko, don ba ta yarda ba.

Darasi: Kada ka raina ilimin da mutum ya samo da hannunsa don kawai ba a rubuce yake ba. Kai kuma da ake yi wa dariya saboda asalinka, ka riƙe abin da ka iya, kada zafin rai ya sa ka zubar da shi. Ku tura wa wanda ake rainawa a wurin aikinsa, wataƙila yau yake buƙatar jin wannan.