Alamar Alli da Alamar Maƙera

A wani ƙauye an yi wani magidanci, manomin tumatir, yana da tsohuwar mota. Da ita yake kai amfanin gonarsa kasuwa, ita ce take ciyar da gidansa. Ana nan, tumatir ya nuna, an cika kwanduna, sai ya buɗe gaban motar ya tarar bel ɗin taimin ya tsattsage.

Wannan bel na roba ne mai haƙora. Shi yake ɗaure ƙarafa biyu masu juyawa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, don su riƙa tafiya tare. Aikin cikin inji kamar mata biyu ne suna daka a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. In suka saɓa, taɓarya ta gwabza da taɓarya. Haka ƙarafan ciki, in suka gwabza a guje, inji ya mutu ke nan.

Gareji yana da nisa, saboda haka mutumin ya sayo sabon bel, ya ce zai ɗaura da kansa a gindin mangwaron ƙofar gida. Taubashinsa Filibus ya jawo kujera ya zauna kallo.

Filibus ya ce, "Yau kuma bakanike muka samu a dangi? Kai da ko ƙotar fartanya sai an sa maka!"

Mutumin ya ce, "Zauna ka sha kallo, sarkin lalaci."

Ya cire tsohon bel. Daidai nan matarsa ta kawo masa ruwa. Yana juyowa zai karɓi kofi, sai ƙarfen sama ya yi ƙas, ya ɗan juya da kansa. Shi bai gani ba. Matar ta gani, amma ta ji nauyin yin magana a gaban baƙo, ta kuma ce a ranta wataƙila haka inji yake yi.

Da ya sha ruwa, ya ɗauki alli ya zana alama a kan kowane ƙarfe, a inda ya same shi. Ya ɗaura sabon bel yana bin allinsa, ya matse shi.

Filibus ya ce, "To sa makulli mu ji! Tumatir na ruɓewa, kana ta shafa ƙarfe kamar mai yi wa jariri wanka."

Har mutumin ya kai hannu aljihu, sai ya tuna gargaɗin wanda ya sayar masa da bel, cewa kada ya tayar sai ya fara juya injin da hannu. Ya sa sifana, ya dinga juyawa a hankali. Injin ya tafi, ya tafi, sai ya cije. Ya ɗan ƙara ƙarfi, ya ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe a ciki. Gumi ya keto masa.

"Danna da ƙarfi mana, ko ba a ba ka tuwo ba ne?" in ji Filibus.

Mutumin bai kula shi ba. Yana ta duban allinsa yana cewa, "Ai ga alamata daidai. To mene ne?"

Sai matar ta matso, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Baban Asabe, ban sani ba ko da amfani. Lokacin da ka juyo karɓar ruwa, na ga na saman nan ya motsa. Tun kafin ka sa alli."

Ya ajiye sifana. Sa'an nan ya ɗauko tsumma da kananzir, ya goge baƙin mai da ya daskare a jikin ƙarfen. A ƙarƙashin dauɗar sai ga wata 'yar tsaga, wadda maƙeran injin suka yi tun farko, ga kuma 'yar'uwarta a jikin inji. Tsakaninta da allinsa akwai haƙora da dama.

Ya kwance bel, ya mai da ƙarafan kan alamar maƙera, ya sake ɗaurawa. Ya juya da hannu, inji ya zagayo sumul, alamun suka sake haɗuwa. Sa'an nan ya sa makulli. Mota ta tashi da murya mai laushi. Mutumin ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, yana cewa, "Na gode maka, ya Ubangiji."

Filibus ya ce, "Ai tun ɗazu nake ce maka ka bi a hankali."

Matar ta rufe baki da gefen zani, ta shige gida.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Alli shi ne ganinmu. Mutum yakan zana shi da zuciya ɗaya, ba da mugunta ba, amma a kan abin da ya riga ya goce yake zanawa. Haka muke cewa, "A gidanmu haka na tarar ana yi," ko, "Ni dai haka halina yake." Tsagar nan kuwa Maganar Allah ce. Wanda ya yi mu shi ya sa ta, ba ta gogewa, sai dai dauɗar yau da gobe ta rufe ta. Makulli shi ne gaggawa: maganar da ka faɗa cikin fushi, hukuncin da ka yanke don mutane suna zuga ka. Juyawa da hannu ita ce addu'a, da tambaya, da sauraron na kusa da kai. Wanda kuma ya ga abu ya goce, ya faɗa, ko da muryarsa tana rawa.

Saboda haka in ka ƙudura wani abu a makon nan, kana cikin addu'a ka ji ya cije, kada ka danna da ƙarfi. Ka tsaya, ka goge, ka duba. Ka kuma yi godiya, domin jinƙai ne da abin ya tsaya tun yana hannunka.