Ya Zaɓi Muryarta, Ya Bar Idonta

An yi wani mutum, tela ne, kuma ba mugu ba ne. Na fara da wannan ne, ya 'yan uwa, don kada wani ya gyara zama ya ce yau labarin azzalumai za a bayar, babu ruwansa. Mutumin nan ya fi da yawanmu riƙe sallah, ya kuma fi mu saurin hawaye.

Shagonsa yana jikin masallaci. Wata shekara wata mata ta rasu ta bar yaro gurgu, dangi kowa ya noƙe. Tela ya saɓa yaron a kafaɗa ya kai shi gida. Daga nan aka gane hanya. Aka kawo masa kurma, aka kawo mai farfaɗiya, aka kawo wadda ba ta iya riƙe wuyanta. Da gidansa ya yi kaɗan, dattawan masallaci suka ba shi wani tsohon gida a bayan masallacin, suka ce ya riƙe shi don Allah.

Yayarsa, wadda mijinta ya rasu 'ya'yanta kuma suka girma, ta tattara kayanta ta dawo gidan. Yara suna ce masa Baba, ita kuma suna ce mata Goggo.

Ku ji irin aikin da suka yi. Da hannunsa ya fasa matakalar ƙofa ya zuba siminti a kwance don keken guragu ya wuce. Ya ja igiya a jikin bango, daga ɗakin kwana har banɗaki, don marasa gani su riƙa bi. Ya ɗinka wa kowace katifa rigar leda. Akwai wani yaro mai ƙafa ɗaya da Tela yake ɗinka wa wando mai ƙafa ɗaya da rabi, shi kuma kullum sai ya ce, "Baba, ragowar yadin fa? A yi mini hula." Goggo kuwa ba ta da lokacin dariya sosai. Wanki kawai ya ishe ta, ga masu cin abinci da sai an ɗora su a cinya ana ba su a hankali.

A cikin yaran akwai wata 'yar ƙarama da aka kawo tun ba ta daɗe da yaye ba. Idanunta biyu fari fat a tsakiya, ba ta ganin komai sai haske. In rana ta shigo ta taga, sai ta rarrafa can ta zauna tana kaɗa yatsunta a gaban fuskarta. Amma Allah ya ba ta kunne, ya ba ta murya. Duk abin da aka karanta a masallaci ta katanga take ɗauka. Kafin a ankara ta haddace gajerun surori, tana rera su da wata murya da ke sa babba ya ajiye abin da yake yi. Yara suka laƙaba mata Malama.

Baƙi suka fara zuwa. Sai a shimfiɗa darduma a tsakar gida, a ɗora Malama a kai, ta karanta. Maza su sunkuyar da kai, mata su ja mayafi suna sharɓar kuka. In za su tafi, su riƙe hannun Tela da hannu biyu su ce, "Kai kam ka gama samun Aljanna."

Ya 'yan uwa, wane ne a cikinmu zai ji wannan kullum, kansa bai fara kumbura ba?

Wata rana wani likitan ido ya zo duba yaran kyauta. Goggo tana bayan gida tana shanya, don haka Tela shi kaɗai ne a ɗakin lokacin da likitan ya haska idon Malama.

Likitan ya ce, "Malam, wannan yanar ido ce, kuma ana cire ta. Ka kawo ta asibitinmu, ba za a karɓi komai ba. Amma kada a ja lokaci. Idon yaro ba kamar na babba ba ne. In ya daɗe a rufe, sai ya kasa koyon gani, ko an buɗe shi daga baya."

Wallahi Tela ya yi murna. Har ya ɗaga yarinyar sama yana hamdala. Amma kafin ya isa wurin shanya ya gaya wa yayarsa, sai ya tuna wani abu. A makon gaba wasu manyan baƙi za su zo, waɗanda ake sa ran za su sake rufin ɗakin guragu, ɗakin da ke yoyo har sai an jera bokitai tsakanin katifu. Ya ce a ransa, bari su zo su tafi tukuna.

Kun ga ta inda Shaiɗan ya shigo? Bai ce masa ya cuci marainiya ba. Ya san ba zai yarda ba. Rufin ɗaki ya nuna masa. Sannan ya raɗa masa tambaya ɗaya: yarinya mai ido tana karatu, ai kowace unguwa akwai su, wa zai yi kuka don ita?

Da Goggo ta tambaye shi me likita ya ce, sai ya kawar da kai ya ce, "Ya ce sai haƙuri." Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta koma kan wankinta.

Baƙi suka zo, suka yi kuka, aka yi rufi. Bayan rufi sai ga maganar rijiya. Bayan rijiya sai motar kai yara asibiti. Ku lura, motar kai yara asibiti! Kowane lokaci yana cewa wannan ne na ƙarshe. Da farko abin yana hana shi sakewa. Daga baya ya saba, kamar yadda mutum yake sabawa da tsakuwa a takalmi. Ya daina zama kan keken ɗinki, ya koma sa manyan riguna. Ana gayyatarsa taro ya yi jawabi kan tausayin maraya, kuma ba ya zuwa ko'ina sai da Malama a gefensa.

Yarinyar kuwa tana ƙaunarsa iyakar ƙauna. Da takunsa take gane shi. In ta gama karatu sai ta juya inda yake ta ce, "Baba, na yi daidai?"

Haka shekaru suka tafi har ta fara zama budurwa.

Sai idon ya fara yi mata ciwo, ya yi ja yana zubar da ruwa. Goggo ta ce a kai ta asibiti. Tela ya ce a ɗiga mata magani, ya isa. Ta sake magana, ya ce akwai taro a gaba. Goggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ni na goya ka a bayana. Ba kai za ka hana ni fita da yarinya mara lafiya ba." Ta yafa mayafi, ta kama hannun Malama, suka fita.

Allah da ikonsa, likitan nan suka tarar, ya yi furfura. Yarinyar tana yin sallama ya ɗago kai, don muryar ba mai mantuwa ba ce. Ya haska idon ya duba sosai. Sannan ya ce, "Mama, me ya hana ku kawo ta tun wancan lokacin? Na gaya wa mai gidan. Na yi ta aika masa, yana cewa kuna tafe."

Goggo ta nemi kujera ta zauna.

Duk da haka ba ta bar asibitin ba sai da aka sa ranar aiki. Likita ya gaya mata gaskiya, cewa lokaci ya wuce, da wuya a samu abin da ake so. Ta ce a yi, ko ƙwayar gani ɗaya ce ta rage, haƙƙin yarinyar ne. Aka yi maganin ciwon, aka yi aikin, aka cire yanar.

Ranar da aka kwance bandeji, idanun suka fito baƙaƙe tas, masu kyau, irin waɗanda in ka gani za ka rantse suna kallonka. Malama ta juya kai hagu da dama. Haske take gani, da inuwa tana wucewa, kusan kamar da.

Ta ce, "Goggo, an cire?"

"An cire, 'yata."

"To yaushe zan fara gani?"

Ya 'yan uwa, ku gaya mini, wace amsa za ku ba ta?

Goggo ta dawo gida ta samu ƙanenta a ɗakin da yake karɓar baƙi. Ta rufe ƙofa ta ce, "Dube ni. Likita ya gaya maka ko bai gaya maka ba?"

Ya yi ta kame-kame. Daga ƙarshe ya ce, "Yaya, rufin can da me aka yi shi? Rijiyar fa? Yara nawa suka amfana?"

Ta ce, "Da idon yarinya aka yi su. Ka tambaye ta kafin ka sayar?"

Ya durƙusa ya kama gefen zanenta. "Ki rufa mini asiri, don darajar iyayenmu."

Ta ce, "Tun kana fitsarin kwance nake rufa maka asiri. Wannan ba asirinka ba ne, haƙƙinta ne." Tana kuka ta faɗi haka, don ɗan uwanta ne ciki ɗaya kuma tana sonsa. Amma da ƙafarta ta je ta samu liman da dattawan masallaci, ta gaya musu komai, ba ta rage ba.

Aka karɓe gidan daga hannunsa aka damƙa mata. Abu na farko da ta yi, ta naɗe dardumar tsakar gida. Ta ce duk mai son taimako ya zo ya ga wanki da katifu, ba a ƙara ɗora yaro a gaban kowa don a yi kuka. Baƙi suka ragu sosai, aka sha wuya, ba ta janye ba. Ta kwashi yaran ɗaya bayan ɗaya ta kai su wurin likitoci. A nan aka gano wani da ake ce wa kurma ashe na'urar ji kawai yake buƙata, wata kuma takalmin ƙarfe ya tsayar da ita.

Shi kuwa Tela ya koma shagonsa, ba mai kawo ɗinki. Waɗanda suke riƙe hannunsa da hannu biyu suka koma tsallaka titi in sun hango shi. A sahu sai a bar masa fili dama da hagu. Matarsa ta tafi gidan ɗansu ta ƙi dawowa. Ya sayar da keken ɗinkin, ya koma wani ɗaki na haya. Ya rame har rigunan da ya ɗinka wa kansa suka yi masa yawa. Ba wanda ya dake shi, ba wanda ya kai shi kotu, amma mutumin ya ƙare.

Ya yi istigfari, ba na musun haka. Sai dai ya sani, kamar yadda kuka sani, haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Don haka wata rana ya ja jiki ya je gidan. Malama tana zaune a baranda tana biya wa ƙanana karatu. Tun daga ƙofa ta gane takunsa, ta dakatar da karatun.

Ya tsuguna nesa da ita ya ce, "Na zo ki yafe mini."

Ta juyo inda muryarsa take. Sannan ta ce, "Baba, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Da ka bari an buɗe mini ido, ai da ban daina yi maka karatu ba. Da na yi maka har ya fi haka."

Ya kifa kai a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Ta ce, "Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa. Ban samu ba tukuna. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Bai ƙara wata ɗaya a duniya ba. Waɗanda suka raka gawarsa ba su cika sahu biyu ba. Ko ta yafe masa daga baya, ban sani ba, kuma ban ga wanda ya yi ƙarfin halin tambayarta ba. Shi dai ya tafi bai ji ba.

Ya 'yan uwa, darasin a fili yake. Maraya amana ne, ba jari ba ne. Naƙasar yaro ba kayan nuni ba ce. Ba a gina alheri da haƙƙin wanda ba ya iya kare kansa, ko da masallaci za a gina. Kuma duk wanda ya ce gobe a kan lafiyar yaro, ya sani jikin yaro ba ya jira.

Kada kuma mu wanke kanmu. Su wa suke zuwa suna kuka? Mu ne. Mun fi buɗe hannu in an nuna mana abin tausayi, sai muka koya wa mai rauni cewa makanta ta fi gani kawo taimako. A cikin duk masu hawayen nan ba a samu mutum ɗaya da ya ce, "An kai ta wurin likita kuwa? Me ya ce?" ba.

To mu za mu tambaya. Akwai irin gidajen nan kusa da mu, kuma mafi yawan masu riƙe su bayin Allah ne da suka gaji, suna buƙatar hannu. Ku je. Ku taimaka ba sai an sa yaro ya yi muku karatu ba. Mai mota ya kai asibiti, mai ƙarfi ya ɗauki wanki, likita ya duba, ya kuma koma ya ga ko an yi abin da ya ce. Wanda ya ga ba daidai ba ya faɗa, ko da ɗan uwansa ne.

Ya Allah, ka tsare mu daga son yabo. Kada ka sa mu ci da raunin wani. Ka ƙarfafi masu renon marayu, ka tsarkake niyyarsu da tamu. Kada ka karɓi ranmu alhali akwai yaron da yake neman ikon yafe mana bai samu ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye amanar da ke hannunmu. Amin.