Kifin da Idonsa Ya Yi Ƙaura

Wannan abu ya faru ne a shekarun da kogin mutanenmu ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci, har masunci kan wuni yana jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi, ya koma gida da kwaɗo. Mai son ji ya zauna ya ji. Wanda ba ya so ya tashi ya ba wani wuri.

Sarkin Ruwa na lokacin sunansa Anaruwa, ya gaji sarautar masunta tun gemunsa bai cika ba. Shi ya kwashi jama'arsa, maza da mata da jirage da taruna, suka yi ta gangarawa kudu har inda kogi ke zubawa cikin teku, suka kafa bukkoki a bakin yashi. Cikin tafiyar har da kakarsa Gwamma, tsohuwa mai bandar kifi, wadda ba ta san ko baƙi ɗaya na karatu ba, ba ta kuma taɓa jin kunyar hakan ba.

Ran da aka fara jan taru a teku, taru ya zo da nauyi, aka yi ta murna. Da aka zazzage shi a yashi sai murna ta koma ciki. Ga wani kifi da baki irin na aku. Ga wani da fukafukai kamar tsuntsu. Wani ya kumbura ya zama ƙwallo, jikinsa duk ƙaya kamar bushiya. Wanda ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne wani shimfiɗaɗɗe kamar faifai, idanunsa biyu duk a gefe guda, bakinsa a karkace, ɗaya gefen kuwa fari fat, ko alamar fuska babu.

Arzika, kawun Sarki, ya juya shi da sanda ya ce, "Ni dai na tsufa a ruwa, ban taɓa ganin kifin da aka manta aka yi masa fuska ɗaya ba. Ruwan gishirin nan murɗe halitta yake yi. Duk mai cikin da ta zauna a nan tana cin wannan, abin da za ta haifa kenan."

To, Yalwa matar Sarki tana da ciki tsoho. Anaruwa ya dubi kifin, ya dubi bukkar matarsa, ya sake duban kifin. Ya ce a mayar da komai ruwa. Ya ce a'a, a bari tukuna. Can ya ce a fara ɗaure kaya, a koma arewa. Komawa kuwa tuƙi ne ana hawan ruwa, babu guzuri, da mace mai jiran haihuwa, zuwa kogin da aka baro saboda yunwa.

Yana zaune a gindin jirgi ya dafe kai, sai ga Gwamma da kasko a hannu.

Ta ce, "Maigidan nawa, ina cefane? Na hura wuta tun ɗazu."

Ya ce, "Tsohuwa, yau ba ranar wasa ba ce. Kaina ya kulle. In mun zauna, ina tsoron abin da Yalwa za ta haifa. In mun tafi, ina tsoron ta haihu a jirgi babu abinci. Kawu ya ce kaza, zuciyata ta ce kaza."

Ta ce, "Kawunka tun yana yaro yake gudun inuwarsa. Matsa in zauna. Kai kam halinka ɗaya da Tarwaɗa Mai-gashin-baki ran da ambaliya ta kai shi teku."

Ya ce, "Me ya sami Tarwaɗa?"

Gwamma ta ajiye kasko ta ce:

An yi wani Tarwaɗa, babba a cikin laka, mai ji da kansa. Wata damina ruwa ya yi ƙarfi ya tumɓuke shi daga raminsa, bai dire shi ko'ina ba sai bakin teku. Ya buɗe ido ya ga ruwa garau, ana hango komai, abin da bai saba ba. Ya ga jama'a suna wucewa, kowa da kamarsa. Ya ce a ransa, lalle garin nakasassu na faɗo.

Ya gaji, ya nemi yashi ya kwanta. Sai yashin ya yi magana ya ce, "Baƙo, ɗaga min, ka danne min ido."

Tarwaɗa ya zabura. Ashe a kan Faifai ya kwanta, wannan shimfiɗaɗɗen da launinsa da na yashi ba su da maraba. Tarwaɗa ya ƙare masa kallo ya ce, "Sannu, bawan Allah. Wa ya taka ka haka? Jirgi ne ya bi ta kanka, ko sammu aka yi maka?"

Faifai ya ce, "Ba wanda ya taka ni sai kai. An haife ni kamar kowa, ido nan, ido can, ina iyo a tsaye. Da na tasa na ga abincina a ƙasa yake, masu cina kuma a sama suke, sai na kwanta a gefe ɗaya. Idon da ke ƙasa me zai gani banda yashi? Shi ne ya yi ƙaura a hankali ya hauro wajen ɗan'uwansa. Yanzu da biyu nake kallon sama, ba mai ganina sai na motsa. Uwata haka take, kakata haka take."

Tarwaɗa ya ce, "Ido ya yi ƙaura? Ban gane ba. Ni dai zan koma in gaya wa mutanenmu kada kowa ya zo nan, wurin nan lalata jiki yake yi."

Faifai ya ce, "Kada ka yi irin taimakon da Tsage ya yi wa masu jiran aski."

Tarwaɗa ya ce, "Wane taimako ya yi musu?"

Faifai ya kaɗe yashi daga bayansa ya ce:

Tsage, wannan mai haƙoran na kogi, shi ma ruwa ya taɓa kawo shi nan. Ya iso gindin wani dutse ya tarar da manyan kifaye sun yi layi, kowanne ya isa ya haɗiye shi. Na gaba ya wangale baki ya tsaya cik. Ga wani ɗan ƙaramin kifi mai zane shuɗi, bai fi yatsa ba, yana shiga bakin yana fitowa ta kunne, yana komawa. Babban ko motsi ba ya yi, idonsa a lumshe.

Tsage ya tsaya yana lissafi. In babban ne ke cin ƙaramin, me ya sa yake fitowa? In ƙaramin ne ke cin babban, me ya sa sauran suke layi? Ya juya abin ta nan, ya juya ta can, bai zauna ba. Daga ƙarshe ya yanke cewa ƙaramin maye ne, ya kama kurwarsu yana cinye su ta ciki. Bai tambayi kowa ba. Ya yi wuf ya haɗiye shi, ya juyo yana jiran godiya.

Babban kifin ya buɗe ido ya ce, "Ina wanzamin?"

Ashe ɗan kifin nan wanzamin unguwa ne. Shi ke tsince musu ƙwarin da ke maƙalewa a kunne da tsakanin haƙora, ya ci ya ƙoshi, su kuma su sami lafiya. Shi ya sa duk yunwar da suke ji ba mai rufe baki a kansa. Tsage ya sha da ƙyar, da rabin wutsiya. Su kuwa suka yi ta susa a jikin dutse har fata ta saɓule.

Faifai ya ce, "Ka ji, baƙo. Wanda bai gane abu ba, bai kuma tambaya ba, ɓarnarsa ta fi ta mugu, domin shi yana yi yana jiran a gode masa. Yanzu ni ma bari in tambaye ka. Waɗannan igiyoyin da ke reto a bakinka, tsutsa ce ta kama ka? In kira maka wanzami?"

Tarwaɗa ya fusata ya ce, "Gashin bakina ne. Da shi nake laluben abinci a laka, inda ido ba ya aiki."

Faifai ya ce, "Ashe kai ma ruwanku ya yi maka nasa gyaran."

Gwamma ta tsaya nan, ta miƙa hannu cikin tulin kifi ta zaro wani mai santsi, mai gashin baki, ta jefa shi gaban jikanta. Ta ce, "Ga jikokinsa nan. Bai koma ba. Ya zauna, ya haihu, kuma ka ga idonsu yana inda yake, domin ba su da bukatar ya tashi."

Anaruwa ya juya kifin, ya ce, "Wannan kam tarwaɗa ce. To amma ni har yanzu ban gane ba. Ni ne Tarwaɗa, ko ni ne Tsage? Kawu kuma shi ne wa?"

Ta ce, "Duk wanda ka ga dama. Tuɓe rigarka."

Ya ce, "A gaban mutane?"

Ta ce, "Ni na yi maka wanka kana jariri, me za ka ɓoye min?"

Ya tuɓe. Ta kira Arzika ta ce shi ma ya tsaya kusa da shi. Ta ɗora hannu a kafaɗar Sarki ta ce, "Ku duba. Ta dama ta fi ta hagu tudu, saboda tuƙi. Ta kawunka ta fi karkacewa, don ya fi ka daɗewa a jirgi. Dubi yatsun ƙafarku yadda suka baje don riƙe katako mai santsi. Ran da na je kasuwar tudu da kakanka, manoma dariya suka yi masa, suka ce ya yi kama da agwagwa. Wa ya yi muku sammu? Aikinku ne ya zauna a jikinku. Kuma ni na karɓi haihuwar kowane ɗayanku, ban ga wanda ya fito da kafaɗa a karkace ba. Wata nawa na yi ina cin tarwaɗa da cikin ubanka, wa ya gan shi da gashin baki ran suna?"

Mutane suka yi dariya. Arzika ya ja rigarsa ya rufe kafaɗa yana cewa shi dama bai ce tabbas ba.

Anaruwa ya daɗe yana kallon kafaɗarsa. Sannan ya miƙe ya ce, "A kwance kaya, mun zauna. A kwashe kifin nan duka a kai wa mata su dafa, kada a bar ko ɗaya."

Gwamma ta buga masa kasko a gwiwa.

Ya ce, "Yanzu kuma me na yi? Ba ke kika ce duk lafiyarsu ƙalau ba?"

Ta ce, "Na ce lafiyarsu ƙalau, ban ce lafiyarka ƙalau in ka ci ba. Ɗazu Tarwaɗa ne kai, yanzu ka koma Tsage." Ta nuna mai kumburin nan da ƙafa. "Wannan ɗan'uwan talibamban ne, kifin nan mai kumburi na koginmu. Kifin da ba ya gudu, ya tsaya ya kumbura yana kallonka, da abin da ya taka. Ga bukkokin masuntan garin nan can ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, kakanninsu a ruwan nan suka tsufa. Ka ɗauki kowane iri guda guda a kwando, ka je ka gaishe su, ka tambaya wanne ake ci, wanne ake zubarwa."

Ya ce, "Ni Sarkin Ruwa, in je tambayar sunan kifi?"

Ta ce, "Sarkin wancan ruwan. A wannan, jiya aka haife ka."

Anaruwa ya sunkuya ya fara tsintar kifin da hannunsa yana sa wa a kwando, mai baki irin na aku, mai fukafukai, mai ƙaya. Ya ɗora kwandon a kan kafaɗar nan mai tudu, ya ce, "Na ji, Kaka. Kawu, taso mu je."

Da suka dawo, mai ƙayar ba ya cikin kwandon, don masuntan garin sun ce guba ne, Faifai kuwa yana sama. Gwamma ta karɓe shi ta soya, ta kai wa Yalwa gefen da ke da idanun, ta tsaya a kanta har ta cinye.