Mai Saƙar Kujeru da Saurayi Makaho

Akwai wani mutum mai saƙa kujeru da igiyar roba a bakin kasuwa. Mutum ne mai tausayi, irin wanda ba ya jira a roƙe shi kafin ya taimaka, ba ya kuma tsayawa tambaya.

Wata rana aka kawo masa wani saurayi makaho da ya gama makarantar makafi, inda ya koyi saƙa. Malamansa suka roƙa a gwada shi. In ya iya, ya zauna; in bai iya ba, ya koma ƙauye gidan mahaifinsa, inda ba abin da ke jiransa sai zaman tabarma a zaure. Mutumin ya karɓe shi hannu bibbiyu.

Kowace yamma in saurayin ya tashi, sai maigidan ya dubi wurin aikinsa: ga wuƙa a ƙasa, ga ƙullin igiya nan da can. Sai ya ce a ransa kada bawan Allah ya taka ya ji ciwo. Ya tattara kome ya rataye a ƙusa, ya share wurin fes, ya tafi gida yana jin daɗin kirkinsa.

Amma aikin saurayin ya ƙi kyau. Hantsi yakan yi bai fara ba, inda kuma ake son jar igiya sai a ga shuɗiya. Masu saye suka fara dawo da kujeru. Ran maigidan ya ɓaci, ya ƙudura zai sallame shi.

Da safe ya kira shi, ya yi ta kwana-kwana, daga bisani ya tambaye shi ko haka aka koya musu a makaranta.

Saurayin ya ce, "A'a, Baba. An koya mana kowane abu da wurin zamansa. Ja a dama nake ajiyewa, shuɗi a hagu, wuƙa a gaban gwiwata. Da safe sai in tarar an kwashe."

Maigidan ya ce, "Ka san mai kwashewa?"

"Na sani, Baba. Nakan ji tsintsiyarka tun ban yi nisa ba. Na san don alheri kake yi, shi ya sa na ji nauyin faɗa."

Kunya ta rufe maigidan. Tun daga ranar bai ƙara taɓa kayan saurayin ba, kujeru kuma suka daina dawowa.

Ma'anar wannan misali ita ce, tausayin da ba ya tambaya yakan zama tuntuɓe ga wanda ake tausaya wa. A cikin ikkilisiyarmu akwai makafi, da kurame, da guragu da suke gama makaranta, Allah ya ba su baiwa, suna neman wurin aiki. Ku masu shago da masu gona, ku buɗe musu ƙofa. Amma kafin ku miƙa hannu, ku tambaye su yadda suke aikinsu. Da yawansu sun san wanda yake wahalshe su, suna shiru ne don suna ganin girmansa.