Alwala a Tafkin Ƙanƙara

Ku matso kusa, yau na kawo muku shari'ar da ni kaina ta gagare ni.

Wani dillalin fata ne, Alhaji Mamuda, ya tafi baje koli wata ƙasa mai tsaunuka tare da abokan sana'arsa uku: Nafi'u, da Lawwali, da Hashimu. Ranar hutu aka hau da su wani tafki can a tsakanin duwatsu. Mamuda ya tsaya baki buɗe. Ruwa ne iyakar ganinka, amma sanyi ya daskarar da shi kamar daɓen siminti. Ga mutane a kai suna ta sulu da takalma masu ƙarfe a ƙasa, har da tsofaffi, ba ko kunya.

Azahar ta yi. Mamuda mutum ne mai tsantseni, ba ya alwala da ruwan da bai yarda da shi ba. Ya jiyo ƙarar wani rafi da ke gangarowa cikin tafkin, ya ce, "Yauwa, ga ruwa mai gudu, bari in yi alwala." Bawan Allah bai san inda ruwa ke gudu nan ƙanƙara ta fi rauni ba. Taku goma ya yi, ta fashe, ruwa ya ja shi ƙarƙashi. Ya ɗaga hannu, sai ya ji rufi a bisa kansa.

Wuri ya rikice da salati. Ga rami, babu mutum!

Nafi'u ya kwanta rub da ciki, yana ja yana share farar ƙanƙara da hannun riga, har ya yi ido huɗu da Mamuda ta ƙasa, kamar mai leƙe ta gilashi. Ya ƙwala ihu, "Ga shi nan! Wallahi ga fuskarsa!" Ba don shi ba, ba wanda zai san gefen da za a nufa.

Lawwali Basarke ne, ɗan masunta daga Yawuri, a ruwa ya girma, amma bai taɓa shiga mai cizo irin wannan ba. Ya ɗaure rawanin Hashimu a ƙugu, ya miƙa musu ɗaya bakin, ya faɗa ramin. Da aka jawo shi yatsunsa sun sandare, da haƙora ya riƙo wuyan rigar Mamuda.

Aka shimfiɗe mutum, ba numfashi. Nafi'u har ya fara shafa masa ido. Hashimu, wanda ya taɓa tuƙa motar asibiti, ya ture shi ya ce, "Kai, dakata, bai tafi ba!" Ya yi ta danna ƙirji yana hura masa iska, har Mamuda ya amayo ruwa.

Yana kwance a asibiti aka bugo daga gida: matarsa ta sauka, namiji. Mamuda ya fashe da kuka, ya rantse sunan wanda ya hana yaron nan zama maraya zai raɗa masa.

To, jama'a, yaro ɗaya ne, yau kwana biyar da haihuwarsa, suna kuma jibi. Nafi'u za a raɗa masa, ko Lawwali, ko Hashimu?