Direban Katafilar da Ya Kashe Inji

Akwai wani direban katafila da ake kira Salisu, mutumin wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ya shigo Abuja ne a shekarun da sojoji suka koma bariki, lokacin da duk inda ka waiwaya gini ake yi. Bana ka wuce gonar doya, baɗi ka dawo ka tarar da rukunin gidaje, har da katanga da maigadi.

Salisu ya daɗe a wannan aiki har ya gaji. Bayansa kullum ciwo, kunnensa na hagu ya fara rage ji saboda ƙarar inji. Da ya idar da sallar asuba zai bar matarsa Iyatu da yara a ɗakin haya a Kuchigoro, ya maƙale a bayan tifa zuwa wurin aiki. Gidajen da ya haƙa wa fandisho ba su ƙirguwa, amma ko ruwa bai taɓa sha a cikin ɗayansu ba.

Wata shekara, bayan damina ta ɗauke, aka kai su wani fili a gindin wani babban dutse, a kan hanyar Gwagwalada. Rukunin gidaje za a gina a wurin. Aka sa Salisu haƙa ramin da za a gina ma'ajiyar ruwa a ciki.

Ya cire baƙar ƙasar sama, ya shiga ja, ya wuce yashi. Sai da ramin ya fi tsayin mutum, sannan ya ga ƙasa ta sake yin baƙi, da gawayi a cikinta. Bokitin katafilar ya fito da tsingaro, ya fito da dutsen niƙa. Da ya sake zura shi, sai ga wata ƙatuwar tukunya ta rabe biyu, ƙasusuwa suka zubo, ƙoƙon kan mutum ya gangaro gefe.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Salisu. Ya kashe inji.

Shugaban ma'aikatan wurin, wanda suke kira Oga Andrew, ya taho da sauri yana share gumi. "Salisu, wa ya ce ka tsaya? Mai ya ƙare ne?"

Salisu ya nuna masa da hannu. Oga Andrew ya leƙa, sannan ya rage murya.

"Ka ji ni da kyau. In wannan magana ya fita, 'yan sanda za su zo, su rufe wurin nan. Duk leburorin nan su zauna gida, ni kuma mai kwangila ya cinye ni ɗanye. Oya, zuba a tifa, a kai inda muke cike kwari."

"Oga, mutum ne fa."

"Mutum ne da can. Yanzu ƙasa ne."

"Ni dai hannuna ba zai iya ba," in ji Salisu. "Uwa ce ta haife shi. Ba zan zuba shi a bola ba."

Leburori suka fara gunaguni. Wani ya ce masa, "Malam, kai ka sani ko Musulmi ne ma?" Oga Andrew ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli, direbobi na nan zaune a bakin titi suna neman aiki.

Salisu ya ba shi. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya tsince ƙasusuwan kafin wani ya hau injin. Ya sauka cikin ramin, ya cire rigarsa ta sama, ya tattara su a ciki ɗaya bayan ɗaya, ya ƙulle. Ya fito ya kama hanyar wani ƙauyen Gbagyi da ke bayan dutsen, rana na dukansa.

A can aka nuna masa dattijon garin, Baba Jacob, yana zaune a gindin mangwaro. Tsohon ya saurari labarin, ya buɗe ƙullin, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, mu ma ba mu san su ba," in ji shi. "Kakana ya noma filin nan, babana ya noma. Ba wanda ya taɓa ce mana akwai gida a wurin. Amma tunda a ƙasarmu suke kwance, namu ne."

Baba Jacob yana da 'ya mai suna Helen, malama ce a jami'a, aikinta binciken kayan mutanen da. Ya sa aka kira ta a waya. Washegari ta zo, Salisu ya raka ta bakin ramin. Maigadi ya ce su duba da sauri kafin Oga ya iso.

"Malama, abin da ya ɗaure min kai," in ji Salisu, "wa ya binne su da zurfi haka? Mu kabarinmu bai kai rabin wannan ba."

"Ba wanda ya binne su da zurfi," in ji Helen. Ta nuna masa baƙin layin da ke jikin ramin. "Ka ga inda gawayin nan yake? Nan ne tsakar gidansu. A nan suke takawa, a nan suke girki. Duk abin da ke sama da shi daga baya ya zo."

"Daga ina?"

"Daga kan dutsen can. Kowace damina ruwa na wanko yashi ya shimfiɗa a nan. Ɗakunan laka su rushe su koma ƙasa. Ciyawa ta tsiro, ta mutu, ta ruɓe, wata ta tsiro a kanta. Gara ta ɗebo ta ƙasa ta tara a sama. A shekara bai fi ka goge da tafin hannu ba, shi ya sa ba mai lura. Amma ba ya fashi. A haka har gari ya nutse, wasu su zo su yi gona a kansa."

Salisu ya dubi ramin, ya dubi takalminsa da ƙasa ta riga ta hau.

Helen ta samu ta kwashi ɗan tsingaro da gawayi kafin a kore su. Ta rubuta wa hukuma, amma kafin amsa ta zo an zuba kankare an rufe komai. Ƙasusuwan kuwa, Baba Jacob ya sa aka binne su a gefen maƙabartar garin. Salisu ya tsaya har aka gama. Bai san sunan mamacin ba, bai san addininsa ba. Ya ce Allah ne ya san shi, ya juya ya tafi.

Daga nan wahala ta fara. Labari ya zaga tsakanin masu kwangila cewa Salisu mai taurin kai ne, yana tsayar da aiki. Duk inda ya je sai a ce ya dawo wani mako. Ƙarshe ya koma tura baro a kasuwa, yana ɗaukar wa mutane buhunan doya da wannan bayan nasa mai ciwo.

Wata rana ya dawo ya tarar Iyatu ta kife tukunya, ba ta ɗora komai ba.

"Baban yara," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "ka ji tausayin matattu. Mu masu rai fa?"

Ya zauna a bakin ƙofa. Akwai ranakun da shi kansa yake tambayar zuciyarsa ko ya yi wauta. Ginin bai tsaya ba, gidajen sun tashi, an yi musu fenti, mutane sun tare. Shi kaɗai ne ya yi asara.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

Ran nan yana sauke kaya a bakin kasuwa, sai wata mota ta tsaya a gabansa. Oga Andrew ne ya fito. Ya rame, furfura ta fito masa.

"Salisu, na sha wahala kafin na same ka."

"Lafiya, Oga?"

Oga Andrew ya jingina da motar ya yi masa bayani. Yanzu yana aiki da wani kamfanin da ya samu kwangilar titi, kuma titin zai ratsa ta maƙabartar garin su Baba Jacob. Mutanen garin sun yarda a ɗauke kaburburan zuwa wani wuri, amma ranar da aka kawo injina, mata suka fito suka zauna a gabansu, suka ƙi tashi.

"Tsohon ya ce ba katafilar da zai matso kusa da iyayensu, sai in Bahaushen nan da ya kawo ƙashi a rigarsa ne a kai. Na kawo direbobi, sun ƙi. Abeg, ka taimake ni."

Salisu bai yi masa gori ba. Gajiyar da ke jikinsa ma ba ta bar shi ya yi ba. Ya ce kawai, "Bari in mayar wa mai baro baronsa."

Aikin ya ɗauki lokaci. Salisu yana yaye ƙasar sama a hankali, Helen na tsaye tana duban launinta. Da ta ɗaga hannu sai ya kashe inji, 'yan uwan mamaci su sauka da shebur da hannu su ƙarasa. Wasu kaburburan ma iyalansu sun ɓata wurin, domin ƙasa ta hau kan duwatsun da aka sa alama, sai da aka lalubo. Ba a fasa ko ɗaya ba.

Ranar da aka gama, matan garin suka cika masa buhu da doya da gero ya kai wa Iyatu. Manajan kamfanin, wanda ya ga yadda aikin ya tafi ba rigima, ya ce a ɗauki Salisu aiki na dindindin.

Da yamma ma'aikata suka watse. Salisu na wanke hannu zai yi alwala, sai Oga Andrew ya zo ya zauna kusa da shi a kan tulin ƙasa.

"Ka san wani abu?" in ji shi. "Uwata ta rasu, tana kwance a garinmu. Bara na je biki, na ce bari in gaishe ta. Salisu, na kasa gane wurin. Ƙasa da ciyawa sun rufe. Na yi ta zagayawa kamar baƙo, na ji kunyar tambaya, na shiga mota na dawo."

Salisu ya ajiye butar. "Akwai wanda ya rage cikin waɗanda suka binne ta?"

"Ƙanin babana. Ya tsufa sosai."

"To ka tafi gobe, Oga. Ka kama hannunsa ya nuna maka."

Oga Andrew ya gyaɗa kai. Ya daɗe zaune a wurin, har Salisu ya idar da sallarsa.

Darasi: Ƙasar da muke takawa da girman kai, akwai waɗanda suka taka ta kafin mu, kuma a hankali take hawa har ta rufe kowa, mai katanga da mai ɗakin haya. Ka mutunta ɗan Adam ko ba ka san shi ba, ko ba zai iya gode maka ba. Sakamako na iya jinkiri har ka gaji da jira, amma Allah ba ya mantuwa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ya daɗe bai ziyarci kabarin iyayensa ba.