Bangon Inna Hajo

Akwai wani saurayi a Ƙofar Kwaya cikin Katsina mai suna Babaji, ɗan Inna Hajo mai man gyaɗa. A shekarun da kuɗin fetur suka cika ƙasa aka ɗauke shi aiki a Legas, a sashen da ke sa ido kan bankuna. Aikinsa bin farashin kaya, don a hango inda kasuwa za ta juya ta kayar da banki.

Gwajin wata shida aka ba shi. Zai rubuta rahoto kan wani banki da ya zuba rance ga dillalan gyaɗa. In rahoton ya yi kyau a tabbatar da shi, in bai yi ba ya kama gabansa. Farashin shekara uku kaɗai ke ofis, kuma duk lafiya lau yake nunawa.

Da ya zo hutu Katsina, kun san ɗan boko da sabon albashi, sai ya sayo fenti. Bangon ɗakin Inna ya daɗe yana ba shi kunya, duk zanen gawayi ne tun daga ƙasa.

Ya ɗaga burushi ke nan ta shigo.

"Mi za ka yi, Babaji?"

"Inna, wannan dattin zan rufe miki."

Sai ta ce a hankali, "To, rufe. Amma bari in yi bankwana da shi, shekara ashirin muna tare."

Ya ajiye burushin ya ce, "Inna, wai miye wannan?"

Ashe duk kaka, in ta dawo daga Babbar Kasuwa, sai ta ja layi. In tiyar gyaɗa ta yi araha ta ja gajere, in ta yi tsada ta ja dogo.

Ta ɗora yatsa kan wani dogon layi. "Nan ruwa ya ɗauke, shekarar da aka yaye ka. Nan kuma cuta ta kama gyaɗa. Dillalai sun amshi kuɗin mutane, babu abin saye, duk suka karye. Ni ban yi boko ba, ɗan nan, amma ban taɓa ganin shekara shidda a jere ba tare da dogon layi ba."

Babaji ya zauna a ƙasa ya kwafe bangon kaf, tana faɗa masa abin da ya faru kowace shekara.

Ya ga shekara biyar ke nan ba dogon layi. Da ya koma Legas, sai rahotonsa ya ba da shawarar bankin ya rage rancen gyaɗa. Shugabansa, Malam Ado, ya yi dariya ya ce, "Ana ruwan kuɗi, kai kana ganin fari?" Amma ya duba lissafin ya kasa kushe shi, sai ya sa hannu aka aika, bankin kuwa ya bi shawarar.

Damina na zuwa cuta ta cinye gyaɗa. Bankin ya girgiza amma bai faɗi ba, ajiyar talakawa ta tsira. Aka tabbatar da Babaji a aikinsa.

Ya dawo gida ya shafe bango uku da fenti, ya bar na huɗun. Sannan ya miƙa mata gawayi, idonsa cike da hawaye.

"Inna, ja mana na bana."

Darasi: Kada ka goge abin da ba ka tambayi ma'anarsa ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, ya je ya zauna ya saurare su.